Sun Sa Ni a Fim

Dubu uku na biya a ƙofar sinima
don in kalli rayuwata.
Yaron da ya yaga tikitin bai ko ɗaga kai ba.
Layi na tara, kujerar gefe,
sanyin na'ura yana cin gwiwata.

Fitilu suka mutu. Ga Ghali a bango,
ko in ce yaron da ya ari sunansa,
sumul, da haƙoran da ba su san goro ba.
Ɗakin da suka shirya masa har da labule.
Namu na Gyaɗi-Gyaɗi buhun siminti ne a taga,
kwano yana yoyo daidai kan kwamfuta,
mu kifa mata faranti, mu jira ruwa ya ɗauke.

A fim, tsakar dare ya miƙe, ido fal hawaye,
ya buga saƙon farko a shafin Zaure:
"Yau Kano ta buɗe wa duniya ƙofa."
Aka tafa.
Ni na san saƙon farko, don yatsana ne ya rubuta:
"Wa ya cinye min ƙosai?"
Mu uku ne kaf a waccan duniyar,
kuma biyu bakinsu da maiƙo.

Sai ga ni.
Sun ba ni tumbi, sun karkata min hula,
duk inda na shigo kiɗa ya koma na shashanci.
Sunan nan Tasi'u kaɗai suka bar min daidai.
Wai ni ne gajen haƙuri
da ya sayar da kasonsa ya sayi babur.
Wata a bayana ta ja tsaki, ta ce, "Sakarai."
Na kusa waiwayawa in gaishe ta.

Dubu tamanin ne, wannan ba su yi ƙarya ba.
Sai dai babu babur.
Ledar jini biyu ce, da gado a asibitin cikin birni,
da Inna tana kirana da murya kamar zaren lilo.
Wata huɗu ta ƙara a duniya,
ta sha kunun tsamiya daga hannuna,
ta yi min faɗa a kan rashin aski.
Lauyoyin fim suna ta jefa miliyoyi a teburi,
ba wanda ya kawo farashin safiya guda.

Bara'atu kuwa ko inuwarta ba su haska ba.
Janareton shagon ɗinkinta ne ya raya mu shekara,
ita ta zana tambarin a bayan littafin awo,
tsakanin ƙugun wata da tsawon hannun wata.
A fim, cikin mafarki ya zo wa Ghali.

Wuri ɗaya dai ya soke ni.
Can ƙarshe, shi kaɗai a ofishin gilashi,
garin duk yana hira a cikin abin da ya mallaka,
ya rubuta sunana, ya goge,
ya sake rubutawa.
Ban sani ba ko an yi haka.
Mai fim ma ina jin bai sani ba.

Da na fito, titin gidan zu ya cushe,
'yan adaidaita suna hon, mai tsire yana fifita,
kowa ya sunkuya cikin tafin hannunsa.
Gobe zan koma rumfata a kasuwar waya,
in canja fasassun gilasai,
kowace na kunna, zanen Bara'atu ne zai fara gaishe ni.

Na tsaya jikin wata bishiya na ciro tawa.
Har yau lambata ta biyu ce, ba su taɓa ta ba.
Na rubuta: "Wa ya cinye min ƙosai?"

Wani yaro daga Kurna ya saka fuskar dariya.
Wata ta tambaya ko ina sayarwa.
Na ƙara tsayawa kaɗan,
har mai tsire ya fara kwashe wuta.